'YA'YAN ITACEN DA SUKA KOMA DUTSE A TSIBIRIN SHEPPEY

A bakin kogin Thames, wajen mil 40 gabas da birnin Landan, akwai wani ɗan tsibiri da a ke kira Sheppey. Wuri ne mai sanyi da iska da hazo, inda kwakwa ko mangwaro ba za su kai labari ba in an shuka su a fili. Amma duk da haka, idan ruwan teku ya janye daga gaɓar arewa ta tsibirin, mutane su kan tsinci 'ya'yan itatuwa irin na ƙasashe masu zafi a warwatse cikin tsakuwa, sun yi baƙi, sun yi nauyi, sun koma dutse. Masana ilmin duwatsu sun ƙiyasta shekarunsu sun kai miliyan 50.

Yawancin 'ya'yan itacen nan an gano danginsu, an kuma san inda jikokinsu su ke tsirowa a yau. Amma akwai wani guda, wanda ya ke cikin mafiya yawa a wurin, da har yanzu ba a sami itacen da ke haifar irinsa ba a ko'ina cikin duniya. Sunansa a littattafan masana Wetherellia. Da 'ya'yansa kaɗai aka san shi, domin zuriyarsa ta ƙare ƙaf tun kafin wani ɗan Adam ya zauna a inuwarsa. Wani abin mamaki kuma, maƙwabcinsa na wancan zamani, wanda a ke tsintar 'ya'yansu wuri guda, yana nan da ransa, har ma ya cika bakin ruwa a Kalaba da Oron da kewayen Fatakwal, inda 'yan Arewa da yawa su ke neman abincinsu. Ga yadda labarin ya ke.

YADDA ƊAN ITACE KE ZAMA DUTSE

A zamanin da a ke magana, wanda masana su ke kira Iyosin, inda Landan ta ke a yanzu teku ne. Ruwa ya rufe kudu maso gabashin Ingila, koguna kuwa suna gangarowa daga tudu suna zuba a cikinsa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gadar Jebba ko ta Makurɗi da damina ya ga irin kayan da kogi ya kan kwaso: gungume, rassa, ganyaye da 'ya'yan itace. Haka kogunan wancan zamani su kan yi. Kayan su yi ta yawo a kan teku har su jiƙe su nutse, laka ta binne su.

A ƙarƙashin lakar nan babu iska, saboda haka ruɓa ba ta saurin cin su. Sai wasu ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani su riƙa fid da farar wuta daga gishirin ruwan teku, ita kuma ta haɗu da ƙarfen da ke cikin lakar, su zama wani ma'adini mai ƙyalli kamar tagulla wanda a ke kira fairait. Ma'adinin ya riƙa shiga ƙofofin jikin ɗan itacen da kaɗan kaɗan har ya cika su. Ta haka siffarsa ta kan tsaya yadda ta ke, ciki da waje: ɓawo, ɗakunan ƙwaya, da ƙwayar kanta. In an fasa shi an duba da madubin ƙara girma, sai a ga tsarin cikinsa sai ka ce bara ya faɗo daga uwarsa.

Lakar ta yi ta taruwa bisa juna shekara miliyoyi, har ta zama yumɓu wanda kaurinsa a wasu wurare ya kai ƙafa 500. Shi ne a ke kira yumɓun Landan, kuma a cikinsa aka haƙa da yawa daga ramukan jirgin ƙasan da ke bi ta ƙarƙashin birnin. A Sheppey yumɓun ya fito fili, ya zama gaɓa mai tsawon fiye da ƙafa 100 a wajen Minster da Warden. Ruwan sama ya jiƙa shi ya zabtaro, igiyar teku ta wanke lakar ta tafi da ita, ta bar abin da ke da nauyi a bakin ruwa. Ban da 'ya'yan itace, a kan sami haƙoran kifin shak, da ƙaguwa, da ƙasusuwan kada da kififiya da macijin ruwa da tsuntsaye. A kan kuma sami guntayen itace duk tsutsar teku ta hudahuda su, abin da ya nuna sun daɗe suna yawo a kan ruwan gishiri kafin su nutse.

Sai dai fairait yana da wani hali. Abin da ya shekara miliyan 50 lafiya lau a cikin yumɓu, in ya fito ya sha iska mai laima, sai ya fara tsattsagewa, cikin 'yan watanni ko 'yan shekaru ya zama gari. Tarin 'ya'yan itacen da mutanen da suka tsinta da yawa ta haka suka salwanta. Don haka ne a babban gidan ajiye kayan tarihin halitta na Landan a ke tsoma su cikin 'yan kwalabe masu wani mai da a ke kira silikon, don kada iska ta taɓa su.

MATA DA YARA SUKA FARA TSINTA

Tun ƙarni na 16 mutanen Sheppey su ke cin abinci da fairait. A kan tara shi a bar shi ruwa da iska su narkar da shi, a dafa ruwan da ya tsatso a sami wani koren gishiri da a ke haɗa tawada da baƙin rini da shi. Matan talakawa da yaransu su ne masu bin bakin teku suna tsintar duwatsun suna kai wa masana'anta. A cikin tsintar nan su kan gamu da masu siffar 'ya'yan itace, su ware su, su sayar wa baƙi masu sha'awar irin waɗannan abubuwa. Har sunaye suka ba su. Wani babba mai faɗi suka ce masa ɓaure. Wani ƙarami, wanda in ya tsage kowane ɓari ya kan yi kama da ƙwayar gahawa, suka ce masa kofi.

A 1757 wani likita mai suna James Parsons ya rubuta bayanin waɗannan 'ya'yan itace ya miƙa wa babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Landan. Amma wanda ya fara zama ya yi musu aiki sosai shi ne James Scott Bowerbank, wanda aka haifa a 1797 ya rasu a 1877. Shi ba malamin jami'a ba ne, ɗan kasuwa ne da ke aiki a kamfanin gidansu, binciken halitta kuwa sha'awa ce kawai. A 1836 shi da wasu abokansa suka kafa 'yar ƙungiya ta masu binciken yumɓun Landan, a 1840 kuma ya buga littafi a kan 'ya'yan itace da ƙwayoyin da a ke samu a cikinsa, da zane-zanensu.

A littafin nan ne kofin matan Sheppey ya sami sunan da a ke kiransa da shi har yau. Bowerbank ya raɗa masa Wetherellia don girmama abokinsa Nathaniel Wetherell, wani likita na unguwar Highgate a Landan wanda shi ma gwanin tara irin waɗannan duwatsu ne. Ya ƙara masa da laƙabin variabilis, watau mai sauye-sauye, domin ba ya tsayawa a siffa ɗaya. Girmansa bai wuce na ɗan kanya ba, yawanci ma bai kai ba. A cikinsa akwai ɗakuna, wani uku, wani huɗu, wani biyar, kowane ɗaki da ƙwaya guda, kuma ya kan rabu gida gida kamar yadda a ke ɓare lemo.

Shi kuwa ɓauren, Bowerbank ya gane ba ɓaure ba ne. Ya ga ya yi kama da 'ya'yan wani tsiro na dangin dabino da giginya da tukurwa, mai suna Nipa, wanda ke tsirowa a bakin teku a ƙasashen Asiya. Da ya ga siffofinsu sun bambanta, wani dogo, wani gajere, wani a baje, sai ya kasa su iri fiye da 10, kowanne da sunansa.

AIKIN MATA BIYU

Bayan Bowerbank aka yi kusan shekara 100 kafin a sami masu ɗaukar aikin gaba ɗayansa. Mata biyu ne suka ɗauka. Ta farko ita ce Eleanor Reid, wadda aka haifa a 1860. Ta koyi aikin ne tare da mijinta Clement Reid, masanin duwatsu, da ya rasu a 1916 kuma ta ci gaba ita kaɗai a gidanta da ke wani ƙauyen bakin teku mai suna Milford-on-Sea. A 1920 wata budurwa da ta gama karatu a Kambirij, Marjorie Chandler, ta zo ta zama mataimakiyarta, ba su rabu ba har Eleanor Reid ta rasu a 1953.

Dabararsu mai sauƙin faɗi ce, mai wuyar yi. Su kan tara ƙwayoyi da 'ya'yan itatuwan da ke raye daga ko'ina cikin duniya, su fasa na dutsen, su fasa na ɗanyen, su jera su a ƙarƙashin madubi suna gwadawa: ɗaki nawa ne, ta ina ƙwaya ta ke rataye, ta wace ƙofa tsiro ya ke fitowa, yaya saƙar ɓawon ta ke. Ga misali guda da mai karatu zai iya gwadawa da kansa. In aka fasa ƙwallon gwandar daji, za a ga cikinsa da wasu ninke-ninke kamar an jera faranti. Wannan alama ce ta danginta duka. Da matan nan suka ga irin ninkin a ƙwayoyin Sheppey, sai suka tabbata dangin gwandar daji sun taɓa tsirowa a Ingila.

A 1933 suka fid da babban littafinsu a kan tsire-tsiren yumɓun Landan, lokacin Eleanor Reid tana da shekara 73. Ire-iren da aka bayyana daga yumɓun nan sun haura 300. Akwai dangin inabi, dangin mangwaro da yazawa, dangin atili da ararraɓi, dangin kirfa, da dangin dabino iri iri. Da suka duba inda 'yan uwan waɗannan itatuwa suka fi yawa a yau, sai suka ga kurmin Malesiya da Indunisiya ne ya fi kama da abin da ke hannunsu. Watau ƙasar da a yau ƙanƙara ke zuba a cikinta ta taɓa zama kurmi mai zafi da ruwan sama.

Sun kuma gyara lissafin Bowerbank game da Nipa. 'Ya'yan Nipa a cure su ke fitowa, da yawa a kai guda mai girman ƙwallon ƙafa, suna matse juna, saboda haka na tsakiya da na gefe ba su zama siffa ɗaya. Ire-iren nan fiye da 10 ashe duk abu guda ne. Suka haɗe su a ƙarƙashin suna ɗaya.

NEMAN DANGIN WETHERELLIA

Wetherellia kuwa ya ƙi ba da kai. Reid da Chandler sun gwada shi da duk abin da su ke da shi, suka ga ya ɗan yi kusa da dangin tsiron nan da a ke saƙa yadin lilin da zarensa, suka ajiye shi a can ba tare da sun sakankance ba. A 1954 Marjorie Chandler ta duba wasu 'ya'yan itace na dutse da aka samo daga hamadar Masar, ta ga suna da kusanci da shi amma ba shi ba ne, ta sa musu suna Palaeowetherellia.

A 1982 wasu masana biyu na Amurka, Susan Mazer da Bruce Tiffney, suka ba da rahoton samun 'ya'yan zuriyoyin nan biyu a jihohin Virginia da Maryland, a ɗaya gefen tekun Atilantika. Su a ganinsu sun fi kusa da dangin rogo da zurma da bini-da-zugu. Duk wanda ya taɓa ganin ɗan zurma ya bushe ya tsage gida uku, kowane gida da ƙwaya ɗaya, zai fahimci abin da ya kai su ga wannan ra'ayi. Amma su ma da suka zo rubuta sunan dangin a kan takardarsu, sai da suka sa masa alamar tambaya.

Abin da ya kawo wahalar shi ne, kama da wane ba ta wane. Itatuwan da ba su haɗa komai ba su kan haifi 'ya'ya masu tsagewa gida gida, domin dabara ce mai amfani wajen watsa iri. Masanin tsirrai ya kan tabbatar da dangi ne in ya haɗa fure da ganye da ɗa wuri guda. A Sheppey kuwa teku ta riga ta raba su: ganye da fure sun ruɓe a hanya, mai tauri kaɗai ya iso. Ko da an tsinci guntun itacen Wetherellia a bakin ruwan, babu abin da zai nuna nasa ne, tun da ba a haɗe su ke da ɗan ba.

Duk da haka duwatsun sun faɗi wani abu. Wuraren da a ke samun Wetherellia lakar teku ce, sau da yawa kuma tare da 'ya'yan Nipa. Ga shi kuma an same shi gabas da yamma da Atilantika. Wannan ya sa masana su ke ganin itacen bakin teku ne, mai 'ya'yan da ruwa ke ɗauka ya kai nesa, mai yiwuwa ma yana cikin itatuwan fadamar gishiri ko a bayansu kaɗan. A 'yan shekarun nan an shiga duba 'ya'yan itacen Sheppey da na'urar ɗaukar hoton ciki, irin wadda a ke duba marasa lafiya da ita a asibiti, ta yadda za a ga ɗakunan ƙwaya ba tare da an fasa su ba. A 2016 Margaret Collinson, wadda ta daɗe tana wannan bincike, ita da abokan aikinta suka buga bayanin yadda dabarar ta yi aiki a kan waɗanda ke ajiye a Landan.

ME YA KAWO ZAFIN, ME YA KORE SHI?

Mai karatu zai tambaya, yaya aka yi kurmi ya tsiro a Ingila? Dalili na farko shi ne ƙasashe suna motsi, ko da ya ke a hankali ƙwarai, kamar yadda farce ke tsawo. A wancan zamani Ingila tana kudu da inda ta ke yanzu, wajen daidai da tsakiyar ƙasar Sifen ta yau. Amma wannan kaɗai bai isa ba, domin Nipa ba ya tsirowa a Sifen. Babban dalilin shi ne duniyar ce gaba ɗaya ta fi yanzu zafi. Babu tulin ƙanƙara a ƙurewar arewa ko ta kudu. A tsibirin Ellesmere na Kanada, can kusa da ƙarshen duniya ta arewa, an haƙo ƙasusuwan kada da kunkuru na wannan zamani. Iskar kabon, wadda ke riƙe zafin rana kamar bargo, ta ninka ta yau a sararin sama.

Teku ma ba a inda ta ke yanzu ta tsaya ba. Ɗan Sakkwato ba ya bukatar zuwa Ingila don ya ga shaida. Farar ƙasar Kalambaina da a ke yin siminti da ita cike ta ke da ɓawon halittun teku, domin 'yan miliyoyin shekaru kafin yumɓun Landan ya taru, wani reshen teku ya ratso ta inda Sahara ta ke ya rufe wannan yanki. Akwai ma wani ƙaton dabban ruwa da ya ƙare, wanda masana suka sa wa suna Goronyosaurus saboda a ƙasar Goronyo aka sami ƙasusuwansa. A 1955 kuma wata masaniya, Kathleen Chesters, ta bayyana ƙwayoyin dangin gwandar daji da suka koma dutse daga duwatsun Nijeriya.

Daga baya duniya ta shiga hucewa. Iskar kabon ta ragu, hanyoyin da ruwan teku ke bi suka sake, wajen shekara miliyan 34 da suka wuce kuma ƙanƙara ta lulluɓe ƙurewar kudu. Kurmin Turai ya watse. Wasu itatuwan suka ja da baya zuwa inda zafi ya rage, jikokinsu ne a Asiya da Afirka a yau. Wasu suka jure sanyin suka sake hali. Wasu kuwa, irin su Wetherellia, ba su sami mafaka ba, daga nan ba a ƙara jin ɗuriyarsu ba.

NIPA YA TAFI, NIPA YA DAWO

Nipa yana cikin waɗanda suka tsira, amma ya yi asarar ƙasa mai yawa. A da yana bakin teku a Turai da Amurka ta Kudu da Afirka da Indiya da Ostireliya. Har da nan Nijeriya. An san haka ne ta hanyar bununi, watau ƙurar nan da ke zuba daga kan gero ko masara sa'ad da suka yi fure. Kowane tsiro da siffar bununinsa, kuma ɓawonsa yana da taurin da ya kan shekara miliyoyi a cikin laka. Na Nipa yana da ƙayoyi, ba ya ɓoyuwa. Masu neman man fetur su kan duba bununin da ke cikin lakar da suka haƙo don su san shekarun dutsen da suka kai. A 1968 wasu masana uku na kamfanin Shell, Germeraad da Hopping da Muller, suka buga sakamakon irin wannan bincike daga Nijeriya da Borneo da yankin Karibiyan. Ya nuna bununin Nipa yana nan a tsofaffin duwatsun Nijeriya, sa'an nan ya ɓace wajen ƙarshen zamanin Iyosin. Tun daga lokacin tsiron ya koma gabas, daga bakin kogin Ganges a Indiya da Bangaladash zuwa Malesiya, Indunisiya, Filifin da arewacin Ostireliya.

Bayan shekara fiye da miliyan 30, sai mutum ya dawo da shi da hannunsa. A 1906 Turawan mulki suka kawo irinsa daga lambun gwamnati na Singafo suka shuka a Kalaba, a 1912 kuma aka kafa wata gonar a Oron. Nufinsu ya riƙe gaɓa kada ruwa ya cinye ta, mutane kuma su amfana da shi. A Asiya kuwa lalle abin amfani ne: da ganyensa a ke rufin ɗaki, daga ruwan da a ke tatsa a wuyan furensa a ke yin sukari da ruwan tsami, a kan kuma ci ƙwayarsa tun tana ɗanya.

Mai karatun da ya taɓa shiga kwalekwale a wajen Oron ko Opobo ko Bonny ya san shi, ko da bai san sunansa ba. Ya yi kama da tukurwa, sai dai ba shi da gangar jiki a tsaye. Gangar tana kwance cikin laka tana rarrafe tana rabuwa biyu biyu, ganyaye kuwa su miƙe sama har ƙafa 30. 'Ya'yansa in sun nuna su faɗa ruwa, su yi ta yawo, wani ma ya fara tsiro tun yana bisa ruwa, duk inda ya sami laka ya kafe. Dabarar da ta kai kakanninsa bakin tekun Ingila ita ce ta yaɗa shi daga Kalaba zuwa rafukan Neja Dalta, har ya ƙetara Kamaru ya kai bakin kogin Wuri a Duwala.

To, ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Bakin tekun Nijeriya yana da itatuwansa na asali, waɗanda Turawa su ke kira mangurof, masu saiwoyi a waje kamar ƙafafun gizo, kuma babu ƙasar Afirka da ta kai Nijeriya yawansu. A tsakanin saiwoyin nan ne 'ya'yan kifi da jatan lande su ke ɓuya har su girma, a jikinsu kawa ke mannewa, a lakarsu mata su ke tsintar katantanwa, da itacensu kuma a ke banda kifi. Duk inda aka sare su, ko malalar mai ta kashe su, Nipa ya kan riga 'ya'yansu kama wurin, ya yi cunkus, ya hana su dawowa, har ya toshe ƙananan hanyoyin jirgi. Masunta sun daɗe suna kukan cewa inda ya mamaye kamu ya kan ragu. Amfanin da a ke ci da shi a Asiya kuwa bai kama sosai a nan ba. Wannan magana ta shafi duk mai sayen bandar kifi da busasshen jatan lande yana lodi zuwa Kano ko Jos, ko da bai taɓa taka laka ba.

ABIN LURA

Wetherellia ba ƙaramin tsiro ba ne a zamaninsa. 'Ya'yansa suna cikin mafiya yawa a Sheppey, zuriyarsa ta kai gaɓa biyu na babbar teku, amma da yanayi ya juya yawan bai cece shi ba. Wancan juyin ya ɗauki shekara miliyoyi, itatuwa da yawa suka sami sararin ƙaura. Na yanzu kuwa sauri ya ke yi. Kafin zamanin masana'antu iskar kabon kashi 280 ce cikin miliyan na iskar sama, a 2023 ta haura 420, duk cikin shekarun da ba su kai 300 ba. Shi ya sa masana su ke komawa kan 'yan kwalaben nan na Landan, domin su ne shaidar yadda itatuwa suka yi da duniya ta yi zafi, da kuma yadda suka ƙare da ta sake.

Ya kamata a tuna cewa wannan ilmi duka daga hannun masu tsinta ya faro, mata da yara waɗanda ko sunayensu ba a rubuta ba. A cikin masu karanta wannan shafi akwai masu haƙar rijiya, da masu fasa dutse, da masu ɗiban yashi, da leburorin hanya, waɗanda kullum su ke buɗe ƙasar da ba wanda ya taɓa gani. Duk wanda ya ci karo da dutse mai siffar ƙwallon itace, ko ganye, ko katantanwa, ko ƙashi, kada ya jefar. Ya lura da wurin da ya same shi da zurfin ramin, ya nannaɗe shi a busasshen ƙyalle, ya kai sashen ilmin duwatsu na jami'ar da ta fi kusa da shi, ko Ikko, ko Badun, ko Nsukka, ko Kalaba, ko Fatakwal. Wurin da zurfin su ne rabin amfaninsa, domin da su a ke sanin shekarunsa.